Ciwon mahaifa: abin da ke hana goɗiya ɗaukar ciki

A Dosso da Damagaram ingarma ake kallo ranar hawan salla, amma masu kiwo sun san arzikin barga yana ga goɗiya. Cikinta wata 11 ne, saboda haka in ta wuce shekara ba ta ɗauka ba, an yi asarar dukushi guda. Sau da yawa mukan ce juya ce, ko mu ɗora wa ingarma laifi, alhali kuwa ciwo ne a mahaifa wanda ke da magani.

Goɗiya lafiyayya takan nemi namiji kusan kowane kwana 21, neman ya ɗauki kwana 5 zuwa 7. In an yi mata barbara sau biyu ko uku tana komowa, ko muka ga farin ruwa mai kauri ya bushe a wutsiya da cinyoyinta, to a kira likitan bisashe.

Sau da yawa ciwon daga haihuwa yake farawa. Ya kamata mabiyiya ta faɗo cikin awa 3. In ta wuce haka, ƙwayoyin cuta kan yaɗu a mahaifa, zazzaɓi ya biyo baya, dafin ya sauka ga kofato har goɗiya ta kasa tsayuwa, wani lokaci ta mutu. Kada mu ja mabiyiya da ƙarfi, domin ɗan guntun da ya katse a ciki ya isa ya jawo ciwon. A ɗaure ta kada goɗiyar ta taka, likita ya yi allurar oksitosin ya wanke mahaifar. In ta faɗo kuma, a shimfiɗa ta a ƙasa a duba ko ta cika.

Hanya ta biyu rama ce. Tsohuwar goɗiya ko wadda rani ya ramar, duburarta kan lotsa ciki, farji ya karkace, iska da kashi su riƙa shiga. Likita kan ɗinke saman farjin, amma dole a farke ɗinkin kafin haihuwa.

Ta uku ita ce ingarman aro, wanda ke bin goɗiyoyin gari ɗaya bayan ɗaya. A 1977 wani ciwon mahaifa mai yaɗuwa ta barbara ya ɓulla a Niyumaket ta Ingila, aka gano ingarma na ɗauke da ƙwayar ba tare da nuna wata alama ba. Akwai kuma sammoren barbara, wanda aka sani a Habasha, mai kumbura al'aura da jawo ɓari.

Don haka mu tsabtace wurin haihuwa, mu ciyar da goɗiya da kyau a rani. Takan nemi namiji mako ɗaya zuwa biyu bayan haihuwa. In har tana zubar da ruwa, mu haƙura zuwa zagaye na gaba. Jinkirin kwana 21 ya fi asarar shekara.