Gwajin layin tarho: kafin ka yarda da mita, duba ƙasar da aka kafa ta

A shirinmu na wannan mako mun taɓo maganar wayar girke, wato tarho mai igiya, wadda har yanzu za ka tarar a wasu shaguna da ofisoshin kan iyaka. Idan taka ta ɗauke, mai gyara ya zo da mitarsa ya ce layi ya mutu, sai an sake igiya, to dakata tukuna kafin ka zaro kuɗi. Sau da yawa laifin na inda ya jona mitar ne.

Ga yadda abin yake. Layin tarho igiya biyu ce ta jan ƙarfe, wutarta kuma daga manyan batura take zuwa a babbar tashar kamfanin waya, ƙarfinta wajen bolt 48. A can tashar, kan batir mai alamar tarawa (+) an haɗa shi da ƙasa, don hakan yana rage cin da laima ke yi wa igiya. Wannan haɗin shi ne masu gyara a Najeriya ke kira "at", na Nijar da Kamaru kuma su ce "ter".

Saboda haka, in an ajiye kan waya, aka auna tsakanin igiyoyin biyu, mita za ta nuna 48 ko ɗan sama da haka. In ka ɗaga kan, sai ya sauko zuwa tsakanin 6 da 12. In kuma aka auna kowace igiya da ƙasa, ɗaya za ta ba da kusan 48 da alamar ɗebewa (−), ɗayar kusan sifili. Wannan sifilin lafiya ce, kada wani ya ce maka igiyar ta tsinke.

Amma fa gwaji da ƙasa ba ya yin daidai sai in ƙasar ta kama. Wutar da mita ke aunawa dole ta bi ta cikin ƙasa ta koma tasha. Ƙasa mai danshi tana ba ta hanya, busasshen rairayi irin na Maigatari ko Birnin Konni a watan Maris kuwa da ƙyar. Wani sai ya soka ƙusa a yashi, ko ya taɓa ƙofar ƙarfe mai fenti, ko famfon da bututunsa na roba ne, ya ce ya sami ƙasa. Mita mai allura sai ta nuna ƙasa da abin da ke akwai. Mai lambobi kuma, in haɗin bai kama ba, sai lambobin su yi ta yawo, har ta kwaso burbushin wutar lantarkin da ke wucewa kusa.

To me za ka nema? Na farko, a fara auna tsakanin igiyoyin biyu, tun da wannan bai dogara da ƙasa ba. Na biyu, a yi gwajin ƙasa da rodin da aka kafa da zurfi, in rani ne a zuba masa ruwa, a kankare tsatsa a wurin jonawa. Na uku, a cire tarhon daga layi a sake aunawa, don a gane ko laifin na cikin shago ne ko na waje. In ƙasa ta kama, amma igiyar da ya kamata ta ba da 48 ta faɗi sosai, ga kuma gurnani a kunne, musamman bayan ruwan sama, to wuta na zurarewa a wani wuri da igiya ta goge.

Ku 'yan kasuwa masu ɗan akwatin da ake sa wa sim a jona masa tarho, ku lura: wutarsa shi yake yin abarsa, kuma yawanci ba ta da haɗi da ƙasa. Auna shi da ƙasa ba zai gaya muku komai ba.

Sai a kiyaye: lokacin da waya ke ƙara, wutar kan kai bolt 75 zuwa 90, tana fizga. In hadari ya taso, a bar gwaji sai ya wuce.

Ku kuma makiyaya, wannan rodin da ke gindin turken waya ko eriyar salula, ta nan tsawa ke sauka ƙasa. Wutar tana bazuwa a kewaye, saniya kuwa tazarar ƙafafunta ta fi ta mutum, don haka ta fi saurin cutuwa. Da damina a nisanta garke daga wurin. Allah ya kiyaye mu da dukiyarmu, sai mun haɗu a shiri na gaba.