Gane Namun Dawa Masu Farauta Cikin Dare: Nazari daga Yankin Illela

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyoyin da ake bi a tantance dabbar da ta kai wa garke farmaki cikin dare a yankin Illela ta Jihar Sakkwato. An yi la'akari da kuka da ƙyallin ido da sawu da yanayin ɓarna, tare da kwatanta lamarin da na puma da koyoti a Arewacin Amurka.

1.0 Gabatarwa

Illela gari ne na kan iyaka, kimanin kilomita 80 arewa da birnin Sakkwato, yana fuskantar Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. Kasuwar dabbobinta na cikin manyan kasuwannin yankin, saboda haka shanu da tumaki da awaki da raƙuma kan kwana a fili, wasu a hanya, wasu a turke a bayan gida. Duk inda dabbobi suka taru haka, mai cin nama ba ya nisa. Idan gari ya waye aka tarar da ɗan akuya a yage, hukuncin da jama'a kan yanke guda ne, wato kura ce. Sau da yawa kuwa ba ita ba ce, kuma wannan kuskure yana da tsada. Wanda ya ɗauka kura ce zai ɗana tarko ko ya zuba guba a mushe, ungulu da karnukan maƙwabta su mutu, mai ɓarnar kuwa ya dawo washegari.

2.0 Wa Ke Yawo da Dare?

Bahaushe ya bambanta namun dawa da sunaye tun kafin zuwan ilimin boko. Akwai kura mai ɗigo-ɗigo, wadda masana ke kira Crocuta crocuta, da sayaki mai zane-zane da geza a gadon baya, da dila, da yanyawa, da dage, da muzurun daji, da kyarkeci, da damisa, da zaki. Sai dai yawan suna a harshe ba ya nufin yawan dabba a daji. Wani bincike da Philipp Henschel da abokan aikinsa suka wallafa a shekarar 2014 ya ƙiyasta cewa zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma kimanin 400 ne, mafi yawansu a gandun dajin W da Arli da Panjari, inda Nijar da Burkina Faso da Benin suka haɗu. A Nijeriya kuwa sai a Yankari da gandun Tafkin Kainji. Don haka labarin zaki a gonakin Illela abu ne da ya kamata a saurara da taka-tsantsan. Damisa ma, mai kirarin ƙi sabo, tana son duwatsu da duhuwar kurmi, abin da ƙasar gero da wake da albasa ba ta da shi sosai. Waɗanda suka fi iya zama kusa da mutane a irin wannan ƙasa su ne dila da yanyawa da muzuru, sai kuma karen gida da ya zama ba shi da ubangida, wanda aka fi mantawa da shi idan ana lissafi.

Game da dila akwai wani abin lura. A shekarar 2015 Klaus-Peter Koepfli da wasu masana suka nuna, ta hanyar nazarin ƙwayoyin gado, cewa dilan Sahel da Arewacin Afirka jinsi ne daban da dilan Asiya da Turai, kuma ya fi kusanci da kyarkecin ƙasashen sanyi da koyotin Amurka. Ke nan malamin daji na tatsuniyoyinmu ɗan'uwan koyoti ne na jini.

3.0 Kuka da Ƙyallin Ido

Kunne ya fi ido amfani cikin duhu. Kukan kura mai ɗigo-ɗigo yakan fara ƙasa-ƙasa ya tashi sama a ƙarshe, ta maimaita shi sau da dama, kuma ana iya jin sa daga nisan kilomita 5. Dariyar da aka san ta da ita kuwa ba ta jin daɗi ba ce, takan yi ta ne idan ana rububin nama ko wata ta kore ta. Sayaki dabba ce mai shiru, yana yawo shi kaɗai, ana iya shekara yana ratsa bayan gari ba a ji muryarsa ba. Dila na yin kuka siriri mai tsawo, musamman bayan faɗuwar rana da kusan asuba, wani ya amsa masa daga nesa. Damisa na yin wani gurnani mai kama da ƙarar zarto a jikin katako.

Ƙyallin ido shi ya fi ruɗar mutane. A bayan idon yawancin dabbobin dare akwai wani shimfiɗi mai mayar da haske, shi ya sa idan aka haska su da tocila sai idon ya yi walƙiya. Amma akuya da tunkiya da saniya da kyanwa duk suna da shi. Yautai da ke kwance a kan hanya idonsa na yin ja, har gizo-gizo ma na ƙyalli a cikin ciyawa. Launin ƙyallin ba abin dogaro ba ne, domin yana sauyawa da irin fitila da gefen da aka hasko. Abin da ya fi ƙarfi a matsayin hujja shi ne tsayin idon daga ƙasa da yadda yake motsi. Kafaɗar dila ba ta wuce kimanin santimita 40 ba, ta kura kan kai 70 zuwa 90, kuma tana tafiya kai na sunkuyawa yana ɗagowa saboda ƙafafunta na gaba sun fi na baya tsawo. Dila kan tsaya ya duba, ya yi sassarfa, ya sake tsayawa ya waiwayo.

Idon mutum ba ya irin wannan ƙyalli. A yankin da matsalar tsaro ta sa mutane kwana cikin fargaba, wannan ilimi ne da ya shafi rai. Inuwar da ke motsi ba ƙyallin ido tana iya zama makiyayin da ya yi dare ko matafiyin da ya tsallako iyaka, ƙyallin kuma yana iya zama na maraƙin maƙwabci. Harbi a kan zato cikin duhu ba shi da wani uzuri.

4.0 Shaidar da Safiya Ke Bayarwa

Ƙasar yashi kamar ta Illela takan ajiye sawu da kyau idan aka riga iska da garke isa wurin. Sawun dangin kyanwa zagayayye ne, ba farce, domin suna maƙale faratansu idan suna tafiya. Sawun kare da dila dogo ne, faratan sun fito. Na kura ma da farce, amma yatsun sun matse juna sun lanƙwasa, kuma sawun gaba ya fi na baya girma ƙwarai. Kashin kura yakan bushe ya yi fari kamar alli saboda yawan ƙashin da take taunewa.

Gawar dabbar ita ma tana magana. Kura na iya ɗauke akuya sukutum, abin da ta bari kuwa ƙasusuwa ne a farfashe. Dila ya fi ƙarfi a kan 'yan raguna da 'yan awaki da kaji, yakan buɗe ciki ya fara da kayan ciki. Damisa na shaƙe maƙogwaro, ta ja naman zuwa maɓoya ko kan bishiya. Idan kuwa aka tarar da dabbobi da yawa an ciccije su a cinya da kunne da gindi, an bar su ba a ci ba, to yawanci aikin karnuka ne. A nan ne kura ta fi shan zargi a kan laifin da ba nata ba.

5.0 Darasi daga Puma da Koyoti

Irin wannan ruɗani ba a ƙasar Hausa kaɗai yake ba. A gabashin Amurka mutane sun daɗe suna ba da rahoton ganin puma, wata babbar kyanwar daji mai launin ƙasa da dogon wutsiya, amma bincike kan nuna kare ne ko kyanwar gida ko wata ƙaramar kyanwar daji. A 2011 hukumar kula da namun daji ta ƙasar ta bayyana cewa pumar gabas ta ƙare. Cikin wannan shekarar kuma mota ta buge wata puma a jihar Konetikat, nazarin ƙwayoyin gado ya nuna daga Dakota ta Kudu ta taso, tafiyar fiye da kilomita 2,400. Wato yawancin rahotanni kuskure ne, amma akan dace da na gaskiya, shi ya sa hujja ta fi rantsuwa. Haka za a ɗauki labarin kura a ƙauyukan da suka daɗe ba su gan ta ba.

Koyoti kuwa, kamar dila, ya iya zama da mutane har cikin manyan birane irin su Shikago. Biyu ko uku kan yi kuka a ɗauka goma ne. Ba kasafai yake taɓa babban mutum ba, ko da yake a 2009 koyoti sun kashe wata matashiyar mawaƙiya a wani gandun daji na Kanada. Shawarar da jami'an gandun daji ke bayarwa a can ta dace da nan: kada a ruga, domin gudu na tayar da sha'awar bi, a tsaya a miƙe, a ɗaga sanda, a yi tsawa, a ɗauki ƙaramin yaro, a ja da baya sannu a hankali ana fuskantar dabbar, a kuma bar mata hanyar fita.

6.0 Dabbar da Ba Ta Tsoro

Lafiyayyen dila gudun mutum yake yi. Wanda ya shigo gida da rana, ko ya tsaya ana jifansa bai gudu ba, ko yake tangaɗi yana dalalar da yawu, ana kyautata zaton ciwon hauka ne ya kama shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa wannan cuta na kashe kimanin mutum 59,000 a shekara, akasari a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 99 cikin 100 daga kare ake ɗaukar ta. Da zarar alamominta sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai a rayu. Duk wanda kare ko dila ya ciza ko ya yakusa, sai a wanke raunin da ruwa da sabulu har tsawon minti 15, a kai shi asibiti a ranar don a fara allurar rigakafi, ko da raunin ƙarami ne. Dabbar gida da aka ciza a killace ta, a sanar da likitan dabbobi kafin a yanke shawarar yanka ta ko kai ta kasuwa.