Ganuwar Kano ga mai shigowa ta Kabuga

Motar da ta ɗauko fasinja daga Talata Mafara, ko Bakura ko Maradun, in ta wuce Gusau da Tsafe ta bi ta Malumfashi da Gwarzo, ta Kabuga take shiga Kano. Galibin fasinjan hankalinsu na Kantin Kwari da Singa, ba mai waiwayar guntayen tudun jan ƙasa da ke gefen titi. To, su ne abin da ya saura na ganuwa, wadda Kanawa ke ce wa badala.

Ta Ƙofar Kabuga sojojin Turawa ƙarƙashin Kanar Morland suka fasa birnin ran 3 ga Fabrairun 1903. Sarki Alu ba ya gari, ya tafi Sakkwato da manyan mayaƙansa. A hanyar komowa ne rundunar Kano ta gamu da Turawa a Kwatarkwashi, nan kusa da Gusau, inda Waziri Ahmadu ya yi shahada. Ashe Bazamfare ya riga ya ratsa rabin labarin tun bai iso ba. Ƙyauren Ƙofar Kabuga kuwa yana ajiye a Gidan Makama, daura da fadar sarki, kowa na iya zuwa ya gani.

Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwar. Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) ya faɗaɗa shi, ya kuma kafa gidan sarauta da Kasuwar Kurmi. Da tubali da yumɓu aka yi, tushe da kauri, sama a tsuke, ta ciki da matakar da maharba ke tsayawa. Inda aka haƙi ƙasar ya zama rami mai bin ganuwa ta waje, maƙiyi sai ya tsallake shi kafin ya taɓa bango. Ba gidaje kaɗai aka kewaye ba, har da gonaki da kududdufai, don ko an yi wa gari zobe kada yunwa ta ci shi. Mai son ya gane faɗin abin ya hau Dutsen Dala da sassafe, ya hangi Goron Dutse, ya tuna duka biyun a ciki suke.

Ginin ƙasa sai da yaɓe. A da, damina na wucewa ake rabon aiki, kowace jama'a da yankin da za ta gyara. Da yaƙi ya ƙare, gayyar ta mutu. Ruwa ya ci nasa, masu ɗibar ƙasa suka ci nasu, sauran aka yanka filaye, wani gun ya koma bola. A 2010 an rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, alhali tun 2007 aka sa ganuwar cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa rajistar Hukumar UNESCO. An sake gina ƙofofi da siminti, an shafa musu jan fenti, suna da kyau a hoto. Ni dai ba na ƙirga su cikin ganuwa. Ƙofar da babu bango a damanta da hagunta ado ce kawai.

Wanda ke son ganin ta gaske ya sauka a titin tsohuwar Jami'ar Bayero, ya taka daga Gadon Ƙaya zuwa Ɗan Agundi. A can, inda ruwa ya zaizaye yaɓen, ana ganin jerin tubalan da aka mulmula da hannu.