Dokar Harsuna a Burkina Faso da Makomar Hausa a Zangon Wagadugu

A ranar 30 ga Disamba, 2023, majalisar dokokin riƙon ƙwarya ta Burkina Faso ta amince da gyaran tsarin mulkin 1991, wanda sashensa na 35 ya ba Faransanci matsayin harshen hukuma, wato harshen da ake rubuta doka da yanke hukunci da shi. Gyaran ya buɗe wa harsunan ƙasa, waɗanda al'ummomin ƙasar suka gada kaka da kakanni, hanyar hawa wannan matsayi, ya kuma mayar da Faransanci da Ingilishi harsunan aiki, ma'ana waɗanda ake tafiyar da harkokin ofis da su. Mali ta riga ta yi irin wannan a tsarin mulkinta na Yulin 2023, Nijar kuwa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Maris na 2025.

Dalilan sauyin guda biyu ne. Na farko siyasa ce, domin gwamnatin Kyaftin Ibrahim Traoré ta raba gari da Faransa, kuma sauke harshen tsohuwar mai mulkin mallaka daga kujerarsa alama ce da talakawa ke saurin fahimta. Na biyu ya girmi wannan gwamnati, domin tun 1979 aka gwada koyarwa da Moore, harshen Mosawa, da Jula da Fulatanci, aka dakatar a 1984, sannan a 1994 aka farfaɗo da makarantu masu harshe biyu, bayan da ta bayyana cewa yaron da ya fara karatu da harshen da bai taɓa ji a gida ba yana shan wahala kafin ya kama hanya.

Sai dai ƙasar tana da harsuna kusan 60, kuma ba kowane ne zai samu littattafai da malamai da tafintoci a kotu ba. A nan ne lamarin Hausawan Wagadugu ya zama abin nazari. Zangonsu na asali, wanda Mosawa ke kira Zangouettin, ya kafu ne a kan hanyar fataken goro da ke zuwa Gwanja, kuma abin da ya raya Hausa a cikinsa zama wuri ɗaya ne: makarantar allo inda malam ke fassara karatu da Hausa, da mahauta, da rumfunan kasuwa, da auratayya tsakanin gidajen da suka san juna. A 2003 shirin ZACA, na gina cibiyar kasuwanci da ofisoshi a tsakiyar birni, ya rushe unguwar, aka watsa mazaunanta zuwa gefen gari, inda yaro ke jin Hausa a ɗakin uwarsa, amma da ya leƙa ƙofar gida sai wasa da Moore, a aji kuma Faransanci.

Saboda haka tasirin gyaran a kan wannan al'umma yana da fuska biyu. Ya rage ƙyamar da ake yi wa harshen gida a ofis, kuma ɗaukakar Hausa a Nijar, abokiyar ƙawancen Burkina Faso a ƙungiyar ƙasashen Sahel, ta ƙara mata daraja a fatauci da hulɗar maƙwabta. A ɗaya ɓangaren, idan kuɗi da malamai suka tafi ga manyan harsuna uku, wato Moore da Jula da Fulatanci, matsin da ke kan Hausa zai ƙaru, domin Moore da ke cin kasuwa da titi zai haɗa da aji da ofis. Ma'aunin dokar a wurin Bahaushen zango shi ne ko tsohuwar da ta je karɓar takardar haihuwar jikanta za ta samu mai saurarenta da harshenta, ko kuwa sai ta ci gaba da jan yaro ɗan boko ya yi mata tafinta.