Filasha da Rana Tsaka: Abin da Ya Sauya a Sana'ar Hoto a Yammacin Zamfara

A wajen ɗaurin aure a Nasarawa Burkullu, ko Gummi, ko Anka, ba abin mamaki ba ne yanzu a ga mai hoto yana harba filasha alhali rana na tsakiyar kai. Jama'a kan ɗauka burga ce. Ba burga ba ce, aiki ne, kuma yana da dalilai.

Na farko shi ne waya. Tun da Tecno da Infinix da Itel suka cika hannun mutane, hoton "a tsaya a ɗauka" ya daina zama abin biya. Kamfanin Transsion mai waɗannan wayoyi ya yi suna ne da gyara kyamararsa don ta fito da baƙar fata da kyau, don haka ko yaron gida yana iya samar da hoton da babu laifi. Abin da ya rage wa mai sana'a shi ne abin da waya ba ta iya ba, wato sarrafa haske. 'Yar fitilar bayan waya ba ta isa ta ja da ranar Zamfara ba.

Sannan akwai lokacin da ake taruwa. Aure dama akan ɗaura shi da hantsi ko bayan an sauko Juma'a, kuma matsalar 'yan bindiga da ta addabi Bukkuyum da Anka ta sa baƙi na son kama hanya tun da sauran rana. Wanda ya zo daga Gusau ko Sakkwato ba zai jira hasken la'asar sakaliya ba, wanda duk mai hoto ya san shi ne mafi daɗin aiki. Dole a ɗauka a lokacin da haske ya fi muni: rana daga sama, idanu sun faɗa rami, inuwar hula ko rawani ta rufe goshi, hijabi ya lulluɓe kumatu, ga farar shadda tana ƙyalli.

Wannan farar shadda ita ce asalin rigimar. Ma'aunin hasken kyamara an gina shi ne a kan zaton cewa duk abin da ke gabansa, in an haɗa, zai tashi toka-toka, mai mayar da kusan kashi 18 cikin ɗari na haske. In ya ga babbar riga fara sol, sai ya rage haske, fuska ta dushe. Filasha mai auna kanta, wadda ake kira TTL, ita ma irin tunaninta ke nan: takan yi 'yar walƙiya ta gwaji, rigar ta maido mata haske da yawa, sai ta janye ƙarfi daidai inda ake bukatarsa. Ango ya gusa, abokinsa mai shuɗin yadi ya shigo, lissafi ya sake. Matsalar fitar da baƙar fata a hoto tsohuwa ce. Kamfanin Kodak ya shafe shekaru da dama yana daidaita launin hotunansa ne da katin da ke ɗauke da hoton Baturiya.

Maganin da masu hoto suka koma gare shi shi ne saita ƙarfin filasha da hannu: cikakke, rabi, kwata, har zuwa 1/128. Aljihu ma ya taimaka. Filashar hannu ta kamfanonin Sin, irin su Godox TT600 da Yongnuo YN560, ta fi ta Canon ko Nikon araha nesa ba kusa ba, balle tun da aka saki Naira a kasuwa a watan Yunin 2023. Batir AA huɗu take ci, a garin da ba a dogara da wutar lantarki.

Inda gwani ke rabuwa da ɗan koyo shi ne haɗa wannan filasha da tsarin da aka ɗora kyamara a kai. Hasken filashar hannu abu huɗu ke yanke shi: ƙarfin da aka saita, nisa, faɗin ƙofar haske, da ISO. Saurin ƙiftawar kyamara ba ruwansa da filasha, hasken rana kawai yake ragewa ko ƙarawa, muddin bai wuce 1/200 ko 1/250 da yawancin kyamarori ke iya tafiya tare da filasha ba. Saboda haka tsarin M, wanda ake saita komai da hannu, shi ne gidan lafiya. A rana mai ƙarfi, ISO 100 da 1/200 da f/11 sukan riƙe sararin sama da riga, sai a ƙara filasha kaɗan-kaɗan har inuwa ta yi sauƙi. Av, ko A a Nikon, shi ma yana tafiya, domin ƙofar haske ba ta motsi. Sai dai wanda ya buɗe ta zuwa f/2.8 don bayan hoto ya narke zai ga aiki ya ɓaci, saboda kyamara na son 1/3200 amma filasha ba ta iya tafiya da saurin da ya wuce 1/200. Tv ko S, da P, su ne tarko: kyamara na sauya ƙofar haske yadda ta ga dama, filasha kuwa tana nan a inda aka bar ta, sai fuska ɗaya ta yi haske, ta gaba ta yi duhu. ISO mai sarrafa kansa ma haka yake ɓata aiki.

Ƙarfin nan kuma yana da iyaka. Lambar auna ƙarfi, 60, da ake rubutawa a kwalin TT600 ta hasken da aka tsuke ce; in an baza shi ya rufe mutum biyar, takan sauko zuwa 30 da ɗoriya. A raba da 11 na ƙofar haske, mita uku ke nan. Shi ya sa hoton dangi gaba ɗaya ba ya amfana sosai, gara a ja su ƙarƙashin darbejiya. Harbi da cikakken ƙarfi a zafin Afrilu yana cinye batir, filashar ma takan yi zafi ta tsaya ana tsaka da aiki. Da hunturu, hazo yakan tausasa rana har kwatan ƙarfi ya wadatar.

Ribar a fili take. Aikin zaren wuyan riga yana fitowa, fuska na fitowa, hotuna ɗari suna tashi iri ɗaya, ba sai an kwana gyara a kwamfuta ba. Mai hoto ya sami hujjar karɓar kuɗinsa.

Amma akwai illar da ba a cika faɗa ba. Cike inuwa na nufin filasha ta zauna ƙasa da hasken rana da mataki ɗaya ko biyu. Da yawa suna ɗaga ta sama da haka da gangan, domin amarya da ƙawayenta sun ce "a fito da mu da haske". Sakamakon shi ne goshi mai maiƙo, hodar fuska ta koma toka, wuya da hannu launinsu daban. A nan laifin ba na kamfanonin Sin ba ne, na ɗanɗanonmu ne, irin wanda ke ciyar da kasuwar man bilicin. Mai hoton da ya ƙi yi kuwa, wani zubin aikin sunan da ke tafe sai ya tafi wajen wani.