Ka saya da kuɗinka, amma wa ke da iko da na'urar?

Idan mutum ya sayi mota, shi ke zaɓar bakanike da irin tayar da zai sa. Amma wanda ya sayi iPhone, kamfanin Apple ne ke yanke masa hukunci kan manhajar da zai sauke da kayan gyaran da na'urar za ta karɓa. Wannan tsari na rufe ƙofa ya daɗe yana shan suka, har ya kai kamfanin gaban kotuna a Amurka da hukumomin Tarayyar Turai.

Ba haka aka fara ba. Kwamfutar Apple II ta 1977 tana da gurabe takwas da mai ita zai iya ƙara kayan aiki. Da Macintosh ta fito a 1984, sai aka rufe ta ruf, buɗe ta ma sai da sukudireba ta musamman. Tun daga 2020 kuwa, lokacin da Apple ya koma amfani da ƙwaƙwalwar M1 da ya tsara da kansa, RAM ta zama a haɗe take da ita. Abin da ka saya ranar farko, da shi za ka zauna har kwamfutar ta tsufa.

Kasuwa ɗaya, mai gadi ɗaya

A ɓangaren manhaja, shekara da shekaru App Store ce kaɗai hanyar sauke manhaja a iPhone, kuma Apple na karɓar har kashi 30 cikin 100 na cinikin da aka yi a ciki. A watan Agustan 2020 kamfanin Epic Games ya sa tasa hanyar biyan kuɗi a wasan Fortnite, nan take Apple ya cire wasan, rigimar ta koma kotu. A Maris na 2024 Ma'aikatar Shari'ar Amurka ita ma ta maka Apple a kotu bisa zargin babakere a kasuwar wayoyi.

Hujjar Apple ita ce tsaro. Yana cewa tantance kowace manhaja na kare mutane daga 'yan damfara da masu satar bayanai, kuma akwai gaskiya a ciki. Masu suka na cewa mai gadin ƙofa shi ne kuma mai karɓar kuɗin shiga, don haka ba zai yi wa kansa alƙalanci ba.

Inda doka ta yi aiki

Sauyin da aka gani bai zo da son ran kamfanin ba. Tarayyar Turai ce ta wajabta caja iri ɗaya, shi ya sa iPhone 15 ta fito da USB-C a 2023, bayan shekara 11 ana amfani da Lightning. Dokar kasuwannin intanet ta tarayyar ta tilasta barin wasu shagunan manhaja daga Maris na 2024, sannan a Afrilun 2025 aka ci Apple tarar Yuro miliyan 500 saboda hana masu manhaja nuna wa jama'a hanyoyin biya masu rahusa. Sai dai shagunan da aka buɗe wa Turawa, mai iPhone a Kano ko Maraɗi ba ya ganin su.

Mai gyara da mai sayen ta hannu

Wanda abin ya fi shafa a nan shi ne mai sayen wayar hannu da mai gyaranta a kasuwanni irin su Farm Centre ta Kano. Apple na ɗaure batir da gilashi da lambar wayar, idan aka sauya da wanda bai amince da shi ba, sai gargaɗi ya fito, a da ma har wasu ayyukan kan tsaya. A 2021 sauya gilashin iPhone 13 a wajen shagunan da kamfanin ya amince da su na kashe Face ID, sai da aka yi ca sannan ya janye. Jihar Oregon ta Amurka ta yi dokar hana wannan ɗauri a 2024, Apple ma ya sassauta a kan kayansa na asali da aka ciro daga wata wayar.

Don haka kafin ka biya, tambayi mai shago: an taɓa sauya batir ko gilashi? An cire asusun iCloud na mai ita na farko? Idan kwamfuta ce, ana iya ƙara mata RAM? Amsoshin ne za su nuna maka shekara nawa za ta yi maka aiki, da nawa za ta ci idan ta lalace.