Yadda Likitoci Ke Gano Asalin Ciwon Dajin Da Ya Bazu

Sau da yawa akan tarar da ƙari a hantar majinyaci alhali kuwa ba a nan cutar ta fara ba. Akwai wani nau'in ciwon daji da ke tasowa daga ƙwayoyin halittar da ke fitar da sinadaran homon, waɗanda ke warwatse cikin hanji da huhu da fankiriyas, watau gaɓar da ke samar da insulin. Wani likitan Jamus, Siegfried Oberndorfer, shi ne ya sa wa irin wannan ƙari na hanji suna a 1907. Yawancinsu tafiyar hawainiya suke yi, har ma ba a kan farga ba sai sun kai ga hanta. Irinsa ne ya kama Steve Jobs, shugaban kamfanin Apple, wanda ya rasu a 2011.

To, yaya za a gane inda ya fito? Kamar yadda a da akan gane asalin baƙo ta tsagar fuskarsa, haka ƙwayoyin cutar ke tafe da alamun furotin na mahaifarsu. Akan tsakuro ɗan nama daga ƙarin, a yanka shi falle-falle, a zuba masa magungunan da ke rina furotin ɗin da ake nema, sa'an nan a duba da madubin likita.

Da farko akan nemi kuromogiranin A da sinaftofaisin, domin su ne ke nuna nau'in cutar. Bayan haka sai a nemi asali: CDX2 yakan nuna hanji, TTF-1 huhu, ISL1 kuwa galibi fankiriyas. Daga ƙarshe sai Ki-67, wanda aka gano a birnin Kiel na Jamus a 1983, mai nuna saurin hayayyafar ƙwayoyin. Bisa tsarin Hukumar Lafiya ta Duniya, ƙasa da kashi 3 cikin ɗari mataki ne na farko, daga 3 zuwa 20 na biyu, fiye da 20 na uku.

Lalle alama guda ba ta isa hujja, domin wani ƙarin yakan ɗauki alamar da ba tasa ba, shi ya sa akan haɗa da hoton cikin jiki. Amma da wannan sakamako ne likita zai zaɓi tsakanin fiɗa da allurar danne ƙarin da magunguna masu ƙarfi.